Rabon Ruwan Kogin Kolorado: Ina Rabon Kifi?

A wannan mako za mu ɗauki masu karatu zuwa ƙasar Amurka, domin mu duba wata shari'a ta ruwa wadda aka fi shekara 40 ana yi, har yau ba a tashi daga zaman ba. Masu shari'ar uku ne. Akwai manomi da ɗan birni, su ne masu riƙe da takardun ruwa. Akwai Gwamnatin Tarayya, ita ce mai yawancin ƙasar da ruwan yake bi. Sa'an nan akwai kifi, wanda ba shi da takarda ba shi da lauya, amma ya riga su duka zuwa wurin.

Kogin da ake magana a kai sunansa Kolorado. Yana tasowa daga duwatsun Roki, inda ƙanƙara take taruwa lokacin sanyi ta narke idan zafi ya shigo, ya yi tafiyar mil 1,450 cikin ƙasa mai ƙarancin ruwan sama kafin ya kai bakin teku a ƙasar Meziko. Mutum wajen miliyan 40 ne suke sha daga gare shi. A shekarar 1922 wakilan jihohi 7 suka zauna a garin Santa Fe suka raba ruwansa. Mudun da suke awo da shi sunansa eka-ƙafa, watau yawan ruwan da zai rufe gona mai eka ɗaya har zurfin ƙafa ɗaya. Aka yanka wa jihohin sama, watau Kolorado da Yuta da Wayomin da Niyu Meziko, miliyan 7 da rabi kowace shekara. Aka yanka wa jihohin ƙasa, watau Kalifoniya da Arizona da Nebada, kamar haka. A 1944 aka ƙara wa ƙasar Meziko miliyan 1 da rabi. Abin da masu rabon ba su yi la'akari da shi ba shi ne, shekarun da suka dogara da awonsu shekaru ne na ruwa mai yawa. Daga shekarar 2000 zuwa gaba, matsakaicin abin da kogin yake kawowa bai kai miliyan 13 ba. Kowane ɗan kasuwa ya san irin daren da mutum yake kwana idan ya karɓi kuɗin buhu 16 alhali 13 ne a rumbunsa.

Wannan rabo ne tsakanin jihohi. A cikin kowace jiha kuwa, dokar da ake bi ita ce wanda ya riga shi ne gaba. Dokar ta samo asali ne daga masu haƙar zinariya na Kalifoniya bayan 1849, jihar Kolorado kuma ta sa ta cikin tsarin mulkinta a 1876. Wanda ya fara jan ruwa daga kogi ya yi aiki da shi, to ranar da ya fara ita ce lambarsa. Idan fari ya zo, mai tsohuwar lamba zai ɗebi rabonsa cif, ko da mai sabuwar lamba bai sami ɗigo ba. Wanda ya karanta babin raya ƙasa matacciya a littattafanmu ba zai ji wannan baƙon abu ba ne. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin da aka yi a kan kwararren Mahzuru da Muzainibu a Madina, cewa na sama zai tsare ruwa har ya kai idon sawu sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Shaihu Halil kuma a Muhtasar ya sa sharaɗi, cewa ana gabatar da na sama ne idan shi ya riga raya wurin. Ashe riga zuwa tana da nauyi a wurinmu ma.

Inda hanyoyin suka rabu shi ne nan. A tsohuwar dokar yammacin Amurka, ba a samun haƙƙin ruwa sai an fitar da shi daga kogi, kuma wanda ya daɗe bai ɗebi rabonsa ba yana iya rasa shi. Saboda haka ruwan da aka bari yana gudana a kwarinsa ana ɗaukarsa kamar ruwan da ya tafi a banza, kowa yana gaggawar janye nasa kada a ce ya yi sakaci. A wurin malamanmu kuwa, kafin haƙƙin ban-ruwa akwai haƙƙin leɓe, watau shan mutum da shan dabba, kuma ba a hana rarar ruwa ga mai buƙata. Amma fa mu yi adalci. Malamanmu sun yi magana ne a kan dabbar da take zuwa ta sha ta koma. Kifi ba zuwa yake yi ba, ruwan ne gidansa da gonarsa da ɗakin haihuwarsa, don haka buƙatarsa ba ta ƙarewa da ƙoshi. Wannan mas'ala ce da sai an fitar da ita daga asulla, kamar ayar Suratul An'ami da ta sanar da mu cewa dabbobi al'ummu ne kamarmu, da hanin ɓarna a bayan ƙasa, da ƙa'idar gusar da cuta. Jihar Kolorado ta gyara dokarta a 1973 ta yarda wata hukumarta ta riƙe haƙƙin ruwa domin a bar shi cikin kogi. Sai dai lambar wannan haƙƙi sabuwa ce, tana bayan ta manomin 1890. Kifin da ya riga kowa zuwa, shi aka ba lambar ƙarshe.

Kifayen da ake rigima a kansu huɗu ne, kuma babu su ko'ina a duniya sai a wannan kogi da rassansa. Babbansu shi ne paikmino, wanda a da yakan kai tsawon ƙafa 6 da nauyin laba 80, yakan rayu shekara 40, yakan yi tafiyar mil 100 ko fiye domin ya zuba ƙwai a kan tsakuwar da ya saba. Sauran ukun sunayensu siffofinsu ne. Akwai mai-doro, wanda yake zaune a wuraren da ruwa yake da zurfi da ƙarfi tsakanin duwatsu. Akwai mai-tozo, wanda bayansa yake da kaifi kamar aska. Akwai mai-siririyar-wutsiya. An halicce su ne domin kogi mai laka da ɗumi, wanda yake cika ya batse sau ɗaya a shekara ya malala fadamu, sa'an nan ya janye. Turawan da suka fara zama a wurin sun same su da yawa, har sukan kwashe su daga magudanan ban-ruwa su zuba a gona su zama taki.

Abu biyu suka karya su. Na farko madatsun ruwa. An gama madatsar Hoover a 1936, aka toshe Flaming Gorge a kan Kogin Girin a 1962, aka toshe Glen Canyon a 1963. Madatsa tana tare hanyar kifi, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ruwan da take saki daga ƙasan tafki yake fitowa, mai sanyi ƙarara kuma garau, ba laka ba ɗumi, kuma ambaliyar shekara-shekara ta ɗauke. Ƙwan waɗannan kifaye ba ya ƙyanƙyashewa da kyau cikin sanyi. Na biyu baƙin kifaye da mutane suka kawo daga wasu koguna domin sha'awar kamu da ƙugiya, irin su bas da paik da wani dangin tarwaɗa mai ƙaya kamar kurungu. Waɗannan suna cinye 'ya'yan 'yan gida. Paikmino kuwa, da yake ba shi da haƙori a baki sai a maƙogwaro, an sha samunsa matacce da wannan mai ƙaya a maƙale cikin wuyansa.

Akwai abin da ya fi wannan ban takaici. A watan Satumba na 1962, kafin a toshe Flaming Gorge, hukumomin kifi na Wayomin da Yuta, da taimakon kuɗin Tarayya, suka zuba guba cikin Kogin Girin da rassansa, tsawon fiye da mil 400. Gubar sunanta rotenon, dangin abin nan ne da yake cikin ganyen magimfa wanda masunta na ƙasarmu suka sani. Manufarsu su share abin da suka kira kifin banza, su zuba tirawut wanda masu yawon shaƙatawa suke so. Gubar ta wuce iyakar da aka yi mata, ta gangara har cikin wurin da Gwamnatin Tarayya ta keɓe domin kiyayewa. Bayan shekara 5 kawai, a 1967, wannan gwamnati ta sa paikmino da mai-doro cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Mai-siririyar-wutsiya ya shiga a 1980, mai-tozo a 1991. Ma'aikatan da suka zuba gubar ba 'yan ta'adda ba ne. Suna da takardar umurni da kasafin kuɗi da sa hannun na gaba da su, kuma sun koma gida suna ganin sun yi aikin kirki.

To, ta wace ƙofa kifi ya sami shiga, tun da dokar ruwa ta jihohi ta rufe masa tata? Ta ƙofar takardar izini. A watan Disamba na 1973 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar kare halittun da suke gab da ƙarewa. Sashe na 7 na dokar ya ce duk wata hukumar Tarayya, kafin ta yi wani aiki ko ta ba da kuɗi ko ta ba da izini, lalle ta shawarci Hukumar Kifi da Namun Daji, ta tabbata abin ba zai kai wata halitta ga ƙarewa ba. Nan ne ƙasa ta shigo cikin maganar ruwa. Gwamnatin Tarayya ita ce mai fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙasar Yuta, da kusan rabin Wayomin, da fiye da sulusin Kolorado, kuma rabonta ya ƙunshi duwatsu da dazuzzukan da koguna suke tasowa. Mutum yana iya riƙe takardar ruwa ta jiha mai tsohuwar lamba, amma da wuya ya gina madatsa ko ya ja magudana ko ya shimfiɗa bututu bai taka ƙasar Tarayya ba. Da zarar ya nemi izinin takawa, kifi ya sami kujera a zauren. An ga haƙoran dokar a 1978, sa'ad da Kotun Ƙoli ta tsayar da madatsar Tellico a jihar Tenesi, wadda aka kusa gamawa, saboda wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba. Sai da Majalisa ta yi wa madatsar doka ta musamman a 1979 aka ƙarasa ta.

Masu ruwa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ruwa na jiha ne, kakanninmu suka haƙa magudanar nan da hannunsu, yaya za a zo ranar sabunta takardar hanya a ce sai mun bar wani kashi na ruwanmu? Wannan ƙwace ne ta bayan gida. An kai irin wannan ƙara daga kwarin Methow na jihar Washinton, inda Hukumar Gandun Daji ta taƙaita jan ruwa ta magudanan da suka ratsa dajinta idan kogi ya ja baya, saboda kifi. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Tarayya ta ce maganar ba ta mallakar ruwa ba ce, ta hanya ce a kan ƙasar gwamnati, kuma takardun hanyar tun asali sun ba gwamnati ikon sa sharaɗi.

Mun daɗe muna juya wannan hukunci. Almajiri zai tuna da labarin Lahhaku ɗan Halifa a Muwaɗɗa, wanda ya so ya ratsa da magudanarsa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta shi, domin abin zai amfani maƙwabcinsa, shi ma zai sha, kuma ba zai cuce shi ba. Dalilin tilastawar shi ne rashin cuta. Idan cuta ta tabbata, dalilin ya faɗi, kuma wanda aka ɗora wa amanar ƙasa ba shi da damar rufe ido. Haka nan labarin Abyalu ɗan Hammali, wanda aka yanka wa gishirin Ma'aribu, da aka bayyana cewa gishirin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda kowa yake ɗiba, sai aka karɓe. Sayyidina Umar ma ya karɓe daga Bilalu ɗan Harisu abin da ya kasa rayawa na kwarin Aƙiƙu. Abin da shugaba ya yanka daga dukiyar jama'a yana tafiya ne tare da maslahar jama'a. Saboda haka a ganinmu kotun ta dace a asalin hukunci. Amma manomin da ya ci bashi ya dasa itatuwa bisa dogaro da takardar gwamnati, shi ma an cuce shi idan aka ɗora masa shi kaɗai kuɗin gyaran ɓarnar da hukumomi suka yi da gubarsu da madatsunsu. Ba a gusar da cuta da cuta irinta.

Mutanen Kolorado ta sama sun nemi mafita daga wannan matsi. A 1983 Hukumar Kifi ta fito da shawarar yawan ruwan da ya kamata a bari a kogunan, masu ruwa suka ga in aka bi ta, ginin sabbin ayyuka ya ƙare. Maimakon a ƙare a kotu, sai aka zauna sulhu shekara huɗu. A watan Janairu na 1988 Ministan Cikin Gida na Tarayya da gwamnonin Kolorado da Yuta da Wayomin da shugaban hukumar sayar da lantarkin madatsun suka sa hannu a shirin farfaɗo da kifayen. A 1992 aka yi irinsa domin reshen San Juan. Cinikin shi ne: mai sabon aiki zai biya kuɗi sau ɗaya gwargwadon ruwan da zai rage wa kogi, dala 10 a kan kowace eka-ƙafa a farko, ana ƙarawa bisa tsadar rayuwa, sai a ba shi izini. Shirin kuwa, da kuɗin Majalisa da na lantarki da na jihohi, shi zai ɗauki nauyin kifin a madadin kowa, matuƙar Hukumar Kifi ta shaida ana samun isasshen ci gaba.

An yi ayyuka, wasunsu abin sha'awa. Tsakanin garin Palisade da Grand Junction akwai mil 15 na kogi wanda manyan magudanai suke kwashe ruwansa daga sama, har yakan kusa ƙafewa a ƙarshen zafi, alhali matattarar paikmino ce da mai-tozo. Aka keɓe ruwa a tafkuna na kan duwatsu, irin su Ruedi, ana sakinsa domin wannan wuri. Aka gyara babbar magudanar kwarin da ƙofofi yadda manoma za su sami ruwansu ba sai an janyo fiye da buƙata ba. A 1996 aka gina wa kifi matakala a madatsar Redlands, inda ma'aikata suke tsayawa su tantance, ɗan gida ya wuce, baƙo a fitar da shi. Wanda ya fi burge mu shi ne abin da aka fara a 2012 a Kogin Girin. Ana kafa tarkon fitila da dare a bakin ruwa. Ranar da aka ga 'ya'yan mai-tozo sun fara fitowa, sai a aika wa masu madatsar Flaming Gorge su saki ruwa da yawa, kogi ya tashi ya kwashi 'ya'yan ya zuba su a fadamu masu ɗumi inda za su girma, da kaka a buɗe musu su koma. Watau injiniyoyi suna ta wahala da kuɗi domin su kwaikwayi, na 'yan makonni, abin da kogin yake yi kyauta tun fil'azal.

Yanzu a buɗe littafin lissafi. Ta gefen takardu, riba ce tsantsa: ayyukan ruwa fiye da 2,000 sun sami izini ta hanyar shirye-shiryen nan biyu. Ta gefen kifi, lissafin ya cakuɗe. Mai-doro ya farfaɗo har a 2021 aka sauko da shi daga matakin gab da ƙarewa zuwa na ƙasa da shi, kuma a wannan shekara aka kawo shawarar a yi wa mai-tozo haka. Sai dai yawancin mai-tozon da ake gani a kogi daga gidajen ƙyanƙyasa aka kawo su; suna rayuwa, suna zuba ƙwai, amma kaɗan ne daga 'ya'yansu suke kai girma. Mai-siririyar-wutsiya kuwa kusan dukkansu jikokin 'yan tsirarun da aka kama ne a tafkin Mohave, ana ta zuba su ba su kafu ba. Paikmino a Kogin Girin ya ragu ƙwarai bayan shekarar 2000. Shirin da aka yanka wa shekara 15 ya haura 35.

Nan ne muke da magana, kuma da ma'aikata muke. Mai neman izini ya karɓi hajarsa hannu da hannu, ranar da ya biya. Kifi kuwa alkawari aka yi masa. Ciniki irin wannan, wanda ɓangare ɗaya lakadan ne ɗaya ajali, yana buƙatar mai bin bashi mai naci, kifi kuwa ba ya zuwa ofis. Kalmar isasshen ci gaba tana da faɗi. Ƙidaya matakala da tafkuna da tarurruka ya fi sauƙi bisa ƙidaya kifin da ya haifu a kogi ya girma a kogi, kuma ma'aikacin da zai rubuta cewa ci gaban bai isa ba ya san takardu nawa ne za su girgiza saboda alƙalaminsa. Ba mu ce an yi ha'inci ba. Hukumar Kifi ta sha rubuta gazawar shirin a rahotanninta, musamman a kan baƙin kifaye da ƙarancin ruwa a mil 15 ɗin nan a shekarun fari. Mun ce ne tsarin ya sa gaskiya tana da tsada ga mai faɗinta. Duk da haka, idan aka ba mu zaɓi tsakanin wannan sulhu da shekaru 35 na kotu, sulhun za mu ɗauka, domin hukuncin alƙali ba ya gina matakala.

Fari kuma ya zo da abin da ba a rubuta a yarjejeniya ba. Tafkin da yake bayan madatsar Glen Canyon ya yi ta sauka, har a farkon 2023 abin da yake cikinsa bai kai rubu'i ba. Da ruwa ya sauka, sai saman tafkin mai ɗumi, inda bas yake yawo, ya kusanto bakin injunan lantarki, bas ya bi ta ciki ya faɗa ƙasa. A watan Yuli na 2022 aka sami 'ya'yansa a wani ɗan kududdufi da yake haɗe da kogin a gindin madatsar, a saman Grand Canyon, inda mafi yawan mai-doro na duniya suke zaune. A watan Satumba na wannan shekara ma'aikata suka zuba rotenon a kududdufin, gubar nan ta 1962, a wata guda da waccan, bayan shekara 60 cif, wannan karon domin a kashe baƙo a ceci ɗan gida. A lokacin zafi na 2024 kuma aka riƙa sakin ruwa mai sanyi ta bututun ƙasa na madatsar domin a hana bas hayayyafa. Ruwan da ya bi ta waɗannan bututu ba ya juya injin, saboda haka lantarkin da ya kamata ya bayar sai da aka sayo shi daga wani wuri.